Yadda Muka Je Doguwa Neman Ɗakin Iya

Tun da muka dawo daga hutun bazara kuka hana ni sakat. A wajen kitso Rabi ta buɗe gashina ta ce, "Hansatu, me kika zuba a ka yake ƙyalli haka?" Na ce ƙasa ce. Ta ce wace irin ƙasa? Na ce ta Doguwa. Daga nan magana ta zagaye ɗakin kwananmu, kowa sai ta ce in ba ta labari. Kun san ni, in mutane suka yi yawa a gabana harshena nauyi yake yi. Shi ya sa na rubuta. Ku karanta ku miƙa wa juna, amma don Allah kada wata ta karanta da ƙarfi ina wurin.

Sai na fara gaya muku abin da ya kai mu.

Kakata, mahaifiyar Babanmu, Iya muke kiran ta. Tun kafin in shiga firamare yanar ido ta rufe mata idanu. Kafin haka duk garinmu Ƙofa, a ƙasar Bebeji, babu ɗakin da ake zuwa kallo kamar nata. Da hannunta ta yi daɓensa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, har ƙasan ya yi ja ya yi santsi. Bangon ta shafe shi da wata farar ƙasa mai ƙyalli da take samowa daga wajen wata ƙawarta a Doguwa. A kan kantar jere kuma ga ƙorai masu zane, kowace da faifanta.

Bayan idonta ya rufe, takan tambayi ƙanwar Babanmu, "Asabe, ɗakina yana nan yadda na bar shi?"

Gwaggo Asabe takan ce, "Yana nan, Iya. Ko tsinke ba a taɓa ba."

Iya takan ce, "To, madalla. Duk ranar da na ji an taɓa mini kaya, Kiru zan koma wajen ƙanena. Ba na zama inda ba a ganin mutuncin kayana."

Gaskiyar magana kuwa, ban da gadonta babu abin da ba a taɓa ba. Ƙoran sun fashe ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta fashe sai a saka roba a gurbinta. Kawu Sale, ƙanen Babanmu da ke aiki a Kano, ya samo ragowar fenti kore daga wurin aikinsu, ya jira Iya ta tafi suna, ya shafe bangon da shi. Da ta dawo ta yi ta tari, aka ce mata mura ce ake yi a gari. Ya shimfiɗa leda a kan daɓen, aka ce mata maganin sanyi ce. Fentin bai kama bangon ƙasa ba, ya riƙa ɓarewa, sai Kawu ya riƙa rufe wuraren da tsofaffin kalandu. Har akwai wadda ke da hoton tarakta.

Ana nan sai aka kai Iya asibiti a Kano aka yi mata aikin ido. Babanmu ya dawo da murna ya ce likita ya ce za ta gani, kuma da zarar an kwance auduga za a kawo ta gida. Kowa ya yi hamdala. Gwaggo Asabe ma ta yi guɗa, amma guɗar ba ta kai ƙarshe ba ta tsaya, ta dafe ƙirji ta ce, "Ɗakin!"

Aka taru a tsakar gida ana gardamar yadda ɗakin yake a da. Kawu Sale ya rantse bangon shuɗi ne. Babanmu ya ce shi dai ya san akwai ƙorai. Ni a ɗakin Iya nake kwana ina ƙarama, sai na ce a hankali, ni kaɗai nake nufin in ji, "Babban masakin yana tsakiya, zanen ƙadangare ne a jikinsa. Ƙananan suna hagu."

Gwaggo ta juyo. "Ke kurma, ashe kina magana? Ɗauko mayafinki. Da ke za a tafi Doguwa."

Aka bar maza da kankare fenti, matan gida da jiƙa makuba. Gwaggo ta kwashe robobin ɗakin Iya ta ɗaure a zani, ta ce ai ba ma je hannu sake ba.

Da sassafe muka hau bas zuwa kwanar da ake rabuwa da titin Zariya, daga nan muka shiga bayan akori-kura. Gwaggo Asabe mace ce da ba ta iya zama kusa da mutum ba ta san sunan kakansa ba. Kafin mu isa Tudun Wada duk motar ta san Iya, ta san fentin Kawu Sale, ta san ni ba na magana. Wata mata mai goyo ta yi ta kallona da tausayi, ta miƙo mini rake tana yi mini bayani da hannu. Na karɓa na ce, "Na gode, Baba." Saura kaɗan ta saki ɗan.

A Tudun Wada direba ya ce mu sauka mu sha ruwa, yanzu zai dawo. Yanzun nan tasa har muka ci dambu, muka yi sallar azahar, Gwaggo ta sasanta wasu mata masu sayar da gyaɗa da ke faɗa. Dambunsu na masara ne, da zogale da yawa, kuma ba sa jin tsoron barkono. Da direban ya dawo sai ga shi da sabon aski.

Daga nan hanya ta shiga daji mai tsawo, babu gida babu gona. A bakin dajin akwai shinge, an gitta gora a kan ganguna. Masu duba kaya suka leƙa, suka ga robobi, suka ɗaga mana gora. Ku riƙe wannan shingen, za mu dawo kansa.

Mun isa Doguwa rana ta yi sanyi. Ƙawar Iya, Inna Dudu, Bafulatana ce, rugarsu tana gindin wani dutse, sai da muka taka. Sun daɗe a wurin, suna noma dawa da masara, amma mazan sun kora yawancin shanun kudu neman ruwa. Gaisuwarsu doguwa ce, kuma a hankali ake yin ta, ana kallon ƙasa, ana amsawa da "jam." Wannan ya yi mini daidai. Gwaggo kuwa tun daga nesa take rafka sallama har 'yan maruƙa suka watse.

Inna Dudu siririyar tsohuwa ce, kunnuwanta sun ja saboda nauyin 'yan kunne. Ta saurari labarin duka ba ta katse ba. Da aka zo kan kalandar tarakta sai ta rufe baki da gefen zani, kafaɗunta suna rawa, har ta zauna a ƙasa.

Ta ce, "Asabe, wato makauniya kuka yi wa ƙarya, yanzu kuma za ku yi wa mai ido?"

Gwaggo ta ce, "Inna, ba ƙarya ba ce. Gyara ne."

"To, Allah ya ba da sa'ar gyara."

Gwaggo ta kwance zani ta jera robobi, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, tana cewa daga Kano suke, ba sa fashewa. Inna ta yi godiya sosai, ta shafa kowace. Da safe na ga jar a gaban kaji da ruwa a ciki, shuɗiyar kuma ɗan maraƙi yana lasar dusa daga cikinta. Na ga Gwaggo ta gani, ta ɗauke kai.

Abincinsu ma sai da ya jawo magana. Surukar Inna ta kawo tuwon masara da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai, ta ajiye, ta juya ta tafi kamar an kore ta. A wurinsu ba a tsayawa a kan baƙo yana ci, kuma babba ba ya tauna a gaban wanda yake jin nauyinsa. Mu a Ƙofa in ba ka zauna ka sa hannu tare da baƙo ba, sai a ce ka raina shi. Gwaggo ta bi matar har bayan bukka tana kira, "Haba 'yar nan, zo mu ci mana! Ko guba kuka sa?" Baiwar Allah ta shige cikin karan dawa. Ni kuwa na juya wa kowa baya na ci tuwona cikin kwanciyar hankali irin wadda ban taɓa samu a ɗakin cin abincin makaranta ba. Inna ta ce wa Gwaggo, "Wannan yarinyar tamu ce. A ina kuka samo ta?"

A bukkar Inna muka sauka. Na duba ko'ina ban ga abin da aka sayo a kanti ba, in ban da fitila da wani ɗan madubi. Gadon kara ne, tabarmar kaba ce, ƙorai suna jere a kan wani dandamali na itace, manya a ƙasa, ƙanana a cikinsu, an goge su da farar ƙasa har suna haske. Abin da ya ba ni mamaki, kusan rabinsu ɗinkakku ne, kuma ɗinkakkun ne a gaba. Na kasa haƙuri na tambaya.

Ta ce, "Wadda ba ta taɓa fashewa ba ai baƙuwa ce, ban san halinta ba tukuna. Wannan saniya ce ta shure ta. Wannan kuwa ni na faɗi da ita ranar da na ji an haifi jikana."

Ta ga ina leƙen ɗinkin, sai ta ɗauko wata tsagaggiya da basilla da zaren kaba. Ta nuna mini yadda ake ɗumama basilla a huda gefe da gefe, a jiƙa zaren, a ja shi ba da ƙarfi ba. Na gwada, ɗinkina ya tafi a karkace kamar sawun kaza. Ta ce ba laifi, nono ba ya duba kyan ɗinki. Ta ba ni basillar kyauta, har da zaren kaba.

Da gari ya waye na nemi ɗankwalina na rasa. Ashe na rataye shi a jikin bukka, ɗan maraƙin nan ya jawo shi ta waje ya tauna. Rabin da ya rage shi na ɗaura har gida.

Wurin farar ƙasar yana gefen wani busasshen rafi. Mata ne kawai suke haƙa. Gwaggo ta zo da tsofaffin buhunan taki, tana cewa a nemo mana jaki mu yi lodi sosai, har ta shafe nata ɗakin, ta kuma ba maƙwabta.

Inna ta ce, "Jaki ba ya zuwa nan. Kowace mace abin da kanta zai ɗauka take ɗiba. Kuma ba a haƙa ta ƙarƙashin itacen nan, shi yake riƙe da gaɓar. In kin gama ki mayar da baƙar ƙasa ki rufe ramin, kada saniya ta karye."

"Inna, ƙasa ce fa! Ƙarewa za ta yi?"

"A wancan rafin ta ƙare. Wasu ne suka zo da mota."

Gwaggo ta bar maganar jaki, amma na san halinta. Tunda an ce abin da kai zai ɗauka, sai ta cika buhunta har baki, ta ce kanta ai ba irin na kowa ba ne. Sai da mu biyu muka ɗora mata. Ta yi 'yan taku kaɗan, wuyanta ya shige cikin kafaɗu, ta tsaya ƙiƙam.

Inna ta ce, "Asabe, lafiya?"

"Lafiya lau. Duwatsu nake kallo."

Sai da ta gama kallon duwatsu ta yarda aka sauke, ta koma ta zuba rabi a ramin da hannunta. Ni nawa ɗan daidai ne, amma buhun yana da huda, ga zafi, ga gumi, ga rabin ɗankwali. Kafin mu isa ruga na zama fara fat ina walƙiya. Asalin abin da Rabi ta gani ke nan, kuma na wanke kaina ya fi a ƙirga.

Ƙorai kuwa Inna ta ce ba ta sayar da na jere, amma za ta ba ƙawarta. Ta ce in zaɓa tunda ni na san ɗakin. Na zaɓi ƙanana, sannan na ga wani masaki mai zanen ƙadangare, kamar na Iya sak. Inna ta ce hannu ɗaya ne ya zana su. Gwaggo ta rungume shi kamar jariri, ta ce ko a mota a cinyarta zai zauna.

A dawowa muka sake samun akori-kura, cike da buhunan citta da mutane. Muna isa shingen nan sai wani mai duba kaya, dogo mai gashin baki, ya hango buhunan taki. Kun san yadda ake tsananta wa masu karkatar da taki. Ya ce kowa ya sauko.

"Na wane ne wannan?"

Gwaggo ta ajiye masakin a kan buhun citta ta diro. "Nawa ne, ranka ya daɗe. Ƙasa ce."

"Ƙasa? Hajiya, daga Doguwa za ki ɗauki ƙasa ki kai Bebeji? Can ba ku da ita?"

"Tamu ba ta ƙyalli."

Ya kwance buhun, ya ga abu fari yana walƙiya. Ya murza, ya sansana, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya murza. Sannan ya ɗebo da yatsa ya sa a baki. Muka tsaya muna kallon sa yana taunawa.

Gwaggo ta ce, "Allah sarki. Mu dai a garinmu masu juna biyu ne suke cin ta. Allah ya raba lafiya."

Motar duka ta fashe da dariya, har abokin aikin nasa. Shi ma daga baya ya yi, gashin bakinsa yana ƙyalli, ya ce mu tafi kafin Hajiya ta raɗa wa abin suna.

Dariyar ce ta jawo mana. Kowa ya hau yana waige, wani mai citta, mutum mai jiki, ya koma wurinsa da baya ya zauna. Sai muka ji ƙas. Ban taɓa jin ƙaramin sauti ya kashe dariya haka ba. Masakin ya tsage daga baki har cikin ƙadangaren.

Abin da Gwaggo ta gaya wa mutumin nan ba zan rubuta ba. Ya ba da haƙuri har Tudun Wada, ya saya mana rake, ya ce zai nemo wani a kasuwa. Gwaggo ta ce ya nemo mata hannun da ya zana shi. Daga nan na ga tana share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Shi ke nan, Iya ta tafi Kiru. Kuma ni za a ce na kore ta."

A tashar Tudun Wada, muna jiran direba ya dawo daga tasa yanzun, na je wajen mai dambu na ce ta ara mini wuta. Ni da kaina na yi mata magana, ba wanda ya aike ni. Na ɗumama basilla na zauna na ɗinke masakin. Ɗinkin ya karkace, ƙadangaren ya fito kamar an yi masa aiki a asibiti. Gwaggo ta juya shi ta ce, "To. Sai mu juya tsagar ta kalli bango."

A gida mun tarar an kankare fentin, Kawu Sale yana zaune hannuwansa duk kanta. An ɗaga leda aka sami gara ta yi gari a ƙarƙashinta. Matan unguwa suka zo da madaɓai aka yi daɓe, ana yayyafa makuba ana bugu. Muka jiƙa farar ƙasa muka shafe bango da tsumma. Da ta bushe ɗakin ya yi sanyi, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Kawu ya leƙo ya ce a bar masa ko kalanda ɗaya, Gwaggo ta nuna masa madaɓi. Na jera ƙorai yadda na tuna, masaki a tsakiya, tsagarsa a ɓoye.

Ranar da aka kawo Iya, da hantsi ne, tana sanye da baƙin tabarau. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta cire shi. Rana ta shigo ta bayanta, bangon ya kama ƙyalli. Ta daɗe tana kallo. Gwaggo tana bayana, ta riƙe mini kafaɗa har tana yi mini zafi.

Iya ta ce, "Yana nan yadda na bar shi."

Gwaggo ta ce, "Ai na gaya miki, Iya."

"Kin gaya mini. Har masakin da kika fasa ranar sunan jikana Habu ya dawo. Ikon Allah."

Gwaggo ta saki kafaɗata.

"Ido na rasa, Asabe, ba kunne ba. Ƙananan biyu akuyar maƙwabciyarmu Ladi ce ta fasa. Mai jan faifai, yayanki ne da ƙafarsa, har ya ce kyanwa ce. Kai kuma Sale, fentinka ya sa ni tari har damina ta wuce, kuna ce mini mura."

Kawu ya ce, "Iya, to me ya sa ba ki yi magana ba?"

"In yi magana in tafi Kiru? Matar ƙanena ba ta iya miya ba. Jira nake in ga ranar da kunya za ta kama ku."

Ta taka ta ɗauko masakin, ta juya shi, yatsanta ya bi ɗinkin tun kafin idonta ya kai. "Wannan daga wajen Dudu yake. Amma Dudu ba ta ɗinki kamar mai jin barci. Wa ya yi?"

Gwaggo ta turo ni gaba. Na ce, "Ni ce, Iya," ina kallon daɓe.

Ta mayar da masakin kan kantar jere, ɗinkin yana kallon ƙofa. Ta ce haka za a bar shi. Sannan ta kama haɓata ta ɗaga fuskata, ta dube ni tun daga rabin ɗankwali har ƙafa. Rabon da ta gan ni tun ban kai ƙugunta ba.

Ta ce, "Wannan ma ba ita na bari ba. Tawa 'yar mitsitsiya ce, mai majina. Asabe, ita kuma wa ya fasa ta kuka sako wannan doguwar?"

Gwaggo ta ce, "Wallahi Iya, wannan kam ba mu ba ne."

Iya ta yi dariya har sai da Babanmu ya tuna mata likita ya hana. Ba ta tafi Kiru ba. Da zan dawo makaranta ta ce kada in sake in wanke ƙyallin nan duka, don da shi take gane ni daga nesa. Saboda haka, Rabi, in kin zo yi mini kitso, ki tsefe a hankali.